Kawu Ya Ƙi Sauke Waƙar

Kawuna ya yi shekara talatin yana buga piyano a makarantar koyon kiɗa. Aikinsa raka masu waƙa: su rera, shi ya bi su da kiɗa. Ɗalibai sun laƙaba masa Malam Tak-Tak, saboda ɗan agogon ƙirga taki da yake ɗorawa a kan piyanon. Ka ja numfashi inda ba a rubuta ba, sai ya ɗauke hannu ya zuba maka ido har ka ji gumi.

Mahaifiyata, yayarsa, ita ce malamar waƙa a wurin. Ɗaki ɗaya suke aiki, mai taga ɗaya da fanka mai ƙara. Da za ta yi ritaya, aka shirya mata taron bankwana, ta zaɓi wata tsohuwar waƙa mai shafi biyu, wadda ba ta kai minti biyu ba. Waƙar baƙin ciki ce, takinta uku-uku, tana tafiya a hankali. Daga ƙasa take farawa, sai dab da ƙarshe ta hau wani sauti mai tsayi, a riƙe shi taki shida, sannan a sauko.

Ina zaune a ɗakin ranar gwaji.

"Auta, ka sauke mini sautinta mataki biyu," ta ce wa Kawu. "Ka ɗan ƙara sauri kuma. Numfashina ba kamar da ba."

"Wanda ya rubuta ta cewa ya yi a hankali, Yaya. Kin fi shi sani ne?"

"Shi ya mutu, ni ce zan tsaya gaban mutane."

"To ki nemi waƙar da ta yi daidai da shekarunki."

Ta yi jifa da fensirin hannunta. "Za ka sauke ko ba za ka sauke ba?"

Ya rufe murfin piyano. "Na ji."

Ta ɗauka ya yarda. Ranar taro zauren ya cika maƙil. Yana taɓa sautin farko na ga fuskarta ta canja: bai sauke komai ba, kuma jan kiɗan yake kamar da gayya. Ta daure ta shiga. Da ta kai wurin hawan, muryar ta tsage, ta ɗauke ɗif. Kowane mai piyano ya san yadda ake rufa wa mawaƙi asiri a nan: a yi sauri a wuce wurin da kiɗa. Kawu ya danne yatsunsa, ya ƙirga taki shidan nan cif, ita tana tsaye baki buɗe.

A baranda ta tare shi. "Ni na goya ka, ni na fara ɗora hannunka kan piyano."

"Ban buga kuskure ko ɗaya ba," ya ce, yana jera takardunsa a jaka.

Malamar da ta gaje ta ɗalibarta ce, ta ce ba za ta yi aiki da shi ba. Ɗalibai ma suka riƙa neman wani. Shekara biyu yana zuwa ya zauna a ɗakin shi kaɗai, sannan ya ajiye aiki.

Shekara tara ke nan ba sa gaisawa. Watan jiya aka kwantar da shi a asibiti, na matsa mata muka je. A bakin ƙofa ta tsaya, ta tambayi nas ko ya ci abinci, ta juya.

Kawu ya bi ta da kallo. "Ta tsufa," ya ce, ya juya fuska bango.