Karan da Na Kwashe daga Gonar Baba

Shekarar da na koma jami'a a Sakkwato don digiri na biyu, aikin binciken da na zaɓa shi ne yin gawayi da karan gero. A cusa kara cikin durum, a kunna wuta, a toshe iska har ya yi baƙi, a daka shi, a kwaɓa da kunun rogo, a dunƙula, a shanya. In har abin ya yiwu, ina ganin za a rage saran kirya da marke, waɗanda ma ba su da sauran yawa tsakanin Isa da Sabon Birni. Ban taɓa cewa zai hana saran ba. Cewa nake yi wataƙila ya rage.

Kara nake bukata mai yawa, kuma na gona guda, don kada gwajin ya gauraya. Wannan ne ya mai da ni gida Gangara bayan kaka. Na sami Baba na yi masa bayani, na maimaita, na kuma gaya masa in da matsala ya faɗa mini, ba dole ba ne. Ya ce, "Kai dai da tsoro kake. Kara ne fa, ba hatsi ba. Kwashe abinka."

Akwai wani dattijo Bafulatani da ke sauka gonarmu da shanunsa kowane rani tun kafin a haife ni. Baffa muke ce masa. Shanu su ci ganyen kara da abin da ya zube, su bar mana taki, matarsa ta aiko da nono, Inna ta mayar da ƙwaryar da gero. Ba a taɓa zama an yi magana a kan wannan ba, haka kowa ya taso ya gani. Na tuna da shi, ba mantawa na yi ba. Na tambayi Baba, ya ce bana da wuya ya zo. Shekarar ce hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, mutanen gari suka fara kallon duk mai sanda da shanu da wani ido, su ma Fulanin da ba ruwansu suka daina shigowa kasuwa sai dole.

Na kwashe karan duka. Saboda ina son auna abin da gona guda ke bayarwa, har ƙananan guntaye na tattara da manjagara. Gonar ta koma fes kamar tsakar gida.

Ina tsakiyar ƙona durum na farko a gefen gonar, da hantsi, sai ga shanu sun ɓullo ta gabas. Baffa ne a gaba, ya rame ƙwarai, shanun ma sun ragu. Ya tsaya a bakin gona bai shigo ba. Ya daɗe yana duban ƙasar. A lokacin, akwai masu share gonarsu ko su sa mata wuta da gangan, don makiyayi ya gani ya san ba a son shi, ba sai an furta ba. Na san da haka, amma ban haɗa shi da abin da nake yi ba sai da na ga inda ya tsaya.

Baba ya taso da sauri. "Shigo mana! Mi kake yi can awa baƙo?"

"In shigo su ci mi, Malam? Rairayi?"

"Wanga ɗan bokon naka ne ya kwashe. Wai gawayi za shi yi da kara. Ka ji inda karatu ya kai mu."

Na durƙusa na gai da Baffa, na shiga bayani. Na ce gwaji ne, na bana ne kawai, ko da yake mai yiwuwa a bukaci maimaitawa baɗi, ban tabbata ba tukuna. Da ma na tsaya a kan "bana ne kawai". Amma ba na iya faɗin abin da ban tabbatar ba, ko a gaban malamaina, balle a gabansa.

Baffa ya ɗauki dunƙulen gawayi guda daga cikin waɗanda na zo da su daga makaranta, ya juya shi, ya shinshina. "To, Malam Gawayi, in ka gano yadda saniya za ta ci wannan, ka aiko mini." Ya yi dariya, mu ma muka yi. Baba ya ce akwai harawa a kan rumfa, a sauko da ita yanzu. Baffa ya ce a bar wa tumakin gida, Allah ya saka da alheri. Ya sha ruwan da aka kawo, ya tambayi lafiyar Inna, ya kaɗa shanunsa suka yi arewa, wajen iyaka. Ya ce sai an kwana biyu.

Gawayin ya yi. Yana kamawa, ba ya hayaƙi sosai, ya fi na itace toka, kuma ba ya son damina. Na rubuta haka, aka karɓi aikin. Wani malami ya ce a faɗaɗa shi zuwa ƙauyuka, tunda kara abu ne da ake bari a gona ba mai amfani da shi. Na ce ina ganin yana da masu amfani da shi. Ya ce in kawo hujja, na ce za ni duba.

Baffa bai zo ranin da ya biyo baya ba, haka na bayansa. Wasu sun ce ya tsallaka Nijar, wasu sun ce an kore masa shanun a hanya. Ba wanda ya gan shi da idonsa. Iyalai da yawa sun bar yankin a waɗannan shekarun ba tare da an share musu gona ba, saboda haka ba ni da ikon cewa karan ne dalili. Ba ni kuma da ikon cewa ba shi ba ne.

Tun daga nan Baba ba ya barin a taɓa kara ko ɗaya a gonar. Inna ta nemi na girki ya hana, maƙwabci ya nemi na darni ya hana. Haka karan yake tsayawa har gara ta ci gindinsa ya faɗi. Geron kuma yana ta raguwa, ƙasar ta yi fari don rashin taki.

Zuwana na ƙarshe na sami Baba a bakin gonar. Ya tambaye ni, ni da na yi karatu, ko ina ganin mutumin nan zai dawo. Na ce wataƙila, in hanya ta yi kyau.

Ya ce, "Kai kullum wataƙila." Sai ya sunkuya ya tayar da wani kara da ya kwanta, ya danna ƙasa a gindinsa da ƙafa don ya tsaya.