Inna Delu Mai Gemu

'Yan uwa, yau na ga Inna Delu da idona!

Mai shafin girkin nan a wata mujallar cikin Kano. Na gayyato ta gidanmu a Kura, ta koya mana adana tumatir kafin namu ya ruɓe. Da hantsi mota ta tsaya. Sai ga wani ƙato mai gemu, rungume da tukunya!

Maigidana ya ce, "Ina Innar?"

Ya ce, "Ni ne, Alhaji. Sunan kakata na ara."

Alhaji ya ce, "To, namiji dai ba ya shigar min gida."

A zaure aka hura wuta, muna leƙe ta labule. Yanzu haka Alhaji na can yana yanka wa Inna albasa, hawaye shaɓe-shaɓe!