Turmin Inna da fiyanon maƙwabci

Inna na tsaka da daka aka ƙwanƙwasa ƙofa.

A birnin Lyon ne, can ƙasar Turawa, shekarun alif ɗari tara da tamanin. Ta zo mini wankan jego daga Maraɗi, har da turminta a jirgi, wai kunun da ba a daka ba ba kunu ba ne. Mai gidan haya kuwa ya gargaɗe mu: in maƙwabta suka kai ƙara, mu tattara.

Na buɗe, sai ga tsohon Baturen da ke ƙasanmu, mai kaɗa fiyano. Na fara ba shi haƙuri, ya ce mu dai sauko.

Ya kaɗa mana wani kiɗa mai suna ragtime, wai kakan kiɗan jazz. Hannun hagu na tafiya daidai, na dama na tsalle-tsalle. Ya ce wani baƙin Ba'amurke ya tsara shi, ɗan bawa, a talauce ya mutu.

Na fassara wa Inna. Ta taɓe baki.

"Wannan ai lugude ne! Wata na riƙe da daka, wata na jefa taɓarya tana tafi. Allah sarki, yaron nan ya saurari uwarsa. Amma gaya wa Baturen hannunsa na hagu malalaci ne. Da tare muke daka, har magariba gari bai yi laushi ba."

Wannan ban fassara ba.

Tun ranar, in ta ɗaga taɓarya, fiyano ya amsa daga ƙasa. Maganar kai ƙara kuwa shiru.

Ɗazu na ji kiɗan a wayar jikata. Turmin na nan, Inna ce babu.

Ku fa, me iyayenku suka kinkimo zuwa ƙasar mutane?