Malam Sada Mai Kwalekwale

A Basirka idan ka ce kana neman Malam Sada, sai an tambaye ka wanne, don sun kai huɗu. Amma idan ka ce Mai Kwalekwale, ko mace mai daka za ta nuna maka gidan da taɓarya. Mutumin kuwa bai taɓa mallakar kwalekwale ba, ko iyo bai iya ba. Manomi ne kamar ubansa, gero da dawa da ɗan riɗi. Sai dai a ƙuruciyarsa, idan kaka ta wuce, yakan bi motar shanu daga Gwaram zuwa Legas, ya yi kwana biyu a kan katako saman shanun, yana tayar da wadda ta kwanta kada 'yan'uwanta su tattake ta.

A tafiyarsa ta uku, shekarar da ya auri Fatsuma, direba ya ce sai jibi za a juyo, sai Sada ya shiga gari kallo. Bayan la'asar ruwa ya kece, ya ruga ya fake a barandar wani ƙaton gini. Maigadin wurin ya ji shi yana salati, ya tambaye shi daga ina. Ashe mutumin Birnin Kudu ne, sunansa Jafaru. Suka gaisa kamar sun shekara tare.

"Zo ka ga abin da babu a garinmu," in ji Jafaru. Ya shigar da shi ta wata ƙaramar ƙofa, ya zaunar da shi a kujerar ƙarshe, ya koma bakin aikinsa.

Wasan kwaikwayo ake yi, mai waƙa da rawa. Ko kalma ɗaya Sada bai gane ba, amma idonsa ya gane. Ga wani masunci da matarsa, tana miƙa masa ƙunshin abinci. Ga mutane a ɓoye suna kaɗa dogon shuɗin yadi, wallahi sai ka ce kogi ne ya shigo ɗakin. Masuncin ya shiga kwalekwale, ganguna suka ɗauki ƙara, fitilu suka yi walƙiya, kwalekwalen ya kife. Matar ta tsinci filafilinsa na tuƙi a bakin ruwa, ta rungume, ta rera wata waƙa da ta sa tsikar jikin Sada ta tashi. Labule ya rufe, haske ya dawo, mutane suka miƙe. Shi ma ya miƙe, ya fice yana share ido da hularsa. Kunyar Jafaru ya ga hawayensa ta sa ko sallama bai tsaya yi ba.

Da ya dawo gida, tsarabar da ta fi daɗewa ita ce labarin nan. Ya ba Fatsuma, ya ba abokansa a dandali, ya bayar a wurin suna da wurin sussuka. Yakan ari shuɗin zanen Fatsuma, ya sa mutum biyu su riƙe gefe da gefe suna kaɗawa, shi kuma ya durƙusa a baya yana tuƙi da muciya. Nan sunan ya samo asali. Kuma duk lokacin da ya kai wurin filafili, sai Fatsuma ta leƙo daga madafa.

"Malam, don Allah yau ɗaya ka bar bawan Allahn nan ya fito."

"Abin da na gani shi zan faɗa, Fatsuma. Ban ga ya fito ba."

Halinsa ke nan a komai. Ko shaida aka kira shi kan iyakar gona, iyakar abin da idonsa ya gani zai faɗa ya yi shiru, ko da ɗan'uwansa ne zai ji haushi.

Shekaru suka ja. Gwiwa ta hana shi hawa motar shanu, 'ya'ya suka yi aure suka watse. Sai yanar ido ta fara rufe ganin Fatsuma. Da farko zare ne ya gagare ta sawa a allura, daga baya har tsintar tsakuwa a shinkafa ta koma hannun Malam Sada. Yakan zauna da faifai a tsakar gida yana tsinta, maƙwabta na yi masa tsiya, bai taɓa kulawa ba. Shekara huɗu suna haka, kafin autarsu Ummussalma, wadda ke aure a Legas, ta matsa su zo a yi aikin idon a can. Mijinta Yunusa, tela ne a Agege, shi ya zo har Basirka ya tafi da su.

Aiki ya yi kyau. Ranar da aka cire auduga, Fatsuma ta daɗe tana kallon mijinta, sannan ta ce, "Malam, yaushe gemun nan ya yi fari haka?"

Bayan mako uku Ummussalma ta ce, "Baba, tun muna yara muke jin labarin kwalekwale. Ranar Lahadi za mu kai Inna ta ga irinsa da idonta."

Ba ginin da ya sani ba ne, wani sabo ne a can Tsibirin Legas, a wata unguwa da gidajen wasa ke kusa da juna, kowanne da manyan hotuna a ƙofarsa. Suka yi la'asar suka shiga. Yunusa, saboda kunyar surukai, ya bar kujera ɗaya tsakaninsa da su. Wannan karon labarin wata mai rini ne da ƙanwarta, suka yi faɗa, ƙanwar ta ɗauki ƙullin kayanta ta shiga jirgin ƙasa, yayar ta bi jirgin da gudu tana waƙa har ta faɗi. Ummussalma na raɗa wa uwarta fassara, ita kuwa Fatsuma ba fassarar ce ta dame ta ba. "Kai, ja! Kai, wannan kore!" take ta faɗi ƙasa-ƙasa.

Labule ya rufe, haske ya dawo, mutane suka miƙe. Malam Sada ya gyara hula ya dafa sandarsa.

"To, alhamdu lillahi. Su dai mutanen nan ba sa ƙare wasa da daɗi. Ku tashi mu tafi."

Yunusa ya sunkuyar da kai. "Baba, ai ba a gama ba. Hutu aka tafi, a sha ruwa a miƙe ƙafa. Yanzu za a dawo a yi sauran rabin."

Malam Sada ya tsaya da sanda a hannu. "Rabi?"

"E, Baba."

"Yau ne kawai, ko kullum haka ake yi?"

"Duk dogon wasa haka ake yi masa, Baba. Tun da can."

A hankali ya koma ya zauna. Ya kalli labulen, ya kalli ƙasa. Fatsuma ce ta fara ganewa. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya, har Ummussalma ta tsorata tana cewa, "Inna, idonki! Likita ya ce a bi a hankali."

"Shekara talatin da biyar," in ji Fatsuma, da ƙyar maganar ke fita, "ka bar baiwar Allah a bakin ruwa da filafili, kai ka taho Basirka."

"Ban sani ba, Fatsuma," ya ce. "Wallahi ban sani ba. Wataƙila ya fito."

Ta daina dariyar. Ta kama bakin hannun rigarsa ta riƙe, ba ta saki ba har aka kashe fitilu. A rabi na biyu 'yan'uwan nan suka haɗu a wurin wani biki, aka cika dandamali da masu rawa. Malam Sada bai ga da yawa a ciki ba, don fuskar matarsa ya fi kallo, yadda hasken ke sauya launi a kanta.

A hanyar dawowa ya sauka a Birnin Kudu ya yi cigiyar Jafaru, ko zai tuna ƙarshen wancan wasa. Aka kai shi gidan, aka ce ya rasu shekara tara da suka wuce. Ya zauna a zaure da ƙannen mamacin, ya yi masa addu'a, ya faɗa musu alherin da ya taɓa yi masa ranar ruwa.

Yanzu a gidan Fatsuma ce mai ba da labari. Mata kan taru bayan azahar ta yi musu na mai rini tun daga farko har biki, har da taka rawar kaɗan idan babu maza. Ta koma ɗinkin hulunanta, shinkafa ma ta karɓe abinta. Kwanan baya Ummussalma ta bugo waya ta ce za a sa wani sabon wasa bayan girbi. Malam Sada ya ce shi gwiwarsa ba za ta ƙara ɗaukar hanyar Legas ba, su dai su je. Amma ranar kasuwar Gwaram an gan shi a tasha, yana tambayar wani direba ko kujerar gaba tana da wurin miƙe ƙafa.