Fararen Ɓeraye a Gidan Mahauta

Shekarar da na shiga ajin ƙarshe a jami'a ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori, manyan motocin kamfani na ta kai da komo ta cikin Talata Mafara. Aikin da malamina ya ba ni shi ne in riƙa sa fararen ɓeraye cikin wani akwatin ƙarfe mai fitar da zafi marar ganuwa, wanda ake kira maikirowef, daga baya in ɗebi jininsu in auna gishirin da ke ciki, ko ya ragu ko ya ƙaru. Rabi ake sakawa, rabi a bar su don a kwatanta.

Da hutu ya zo babu mai ba su abinci, sai na ɗauko su cikin keji zuwa gida.

Gidanmu gidan fawa ne. Inna ta ɗaga buhun da na rufe kejin tana zaton zomaye ne, ta ja da baya.

"Mutane na kashe ɓera, kai kana yi mashi hidima? Wanga wane irin karatu ne?"

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Da na yi masa bayani ya ce, "Ashe ɓera ma da gishiri cikin jini nai." Washegari ya kai labari mahauta. Ranar Talata, ranar kasuwa, zaurenmu ya cika da 'yan kallo, fataken shanu daga Bakura da Maradun, kowa na leƙen jajayen idanunsu. Wani dattijon Bafulatani ya tambaye ni ko dogon ƙarfen sadarwa da aka kafa a hanyarsu zai iya ƙafar da nonon shanunsa. Na ce, "Baffa, ban sani ba tukuna." Ya ce in na sani in aika masa.

Kafin hutu ya ƙare Inna ta ƙwace mini kiwon. Ita ke zuba musu dusa da gyaɗa, tana yi musu faɗa in sun zubar da ruwa. Ranar da zan koma ta tambaye ni abin da za a yi da su. Na gaya mata gaskiya, jininsu za a ɗiba, kuma ba za su rayu ba. Sai ta ƙullo gyaɗa a tsumma ta miƙo mini.

"To, kada ka bar su da yunwa kafin nan."

Bambancin da na samu a gishirin jininsu kaɗan ne, malamina ya ce sai an sake gwaji. Ban sake ba, koyarwa na kama a Bakura. Shekaru da yawa bayan haka, in na shiga kasuwa, tsofaffin mahauta "malamin ɓeraye" suke kirana, su yanko mini hanta mai zafi. Yanzu duk sun kwanta dama, ba wanda ya san sunan.