Abin da Aka Rubuta a Fayil ɗin Sikeli

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara ashirin da bakwai ya yi yana lodin tayil a wani babban sito. Abokan aikinsa Sikeli suke ce masa, don in ya ɗaga kwali sau ɗaya zai gaya maka nauyinsa, har ya ce akwai fasasshe a ciki. Ya san inda ake ɗora nauyi a mota don kada ta karkace a kwana. Direbobi har cacar baki suke yi kan wanda zai fara yi wa lodi.

Da bayansa ya soma ciwo, likita ya hana shi ɗaukar kaya. Ana cikin haka aka buɗe gurbin mai kula da lodi, aikin tsayuwa da nuni kawai. Ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya ce in raka shi ofis tunda ni ce mai karatu.

Jami'ar ma'aikata ta buɗe fayil ɗinsa ta ce, "Baba, gurbin nan na ƙwararru ne. Kai kana rukunin marasa ƙwarewa."

Kawu ya juyo ya dube ni. "Me ta ce ba ni da shi?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata wannan kalma cin fuska ce, 'yan zaman kujera ne suka ƙirƙiro ta don su raina masu gumi. Ta ce sam ba zagi ba ne, ana nufin aikin da ba ya buƙatar takardar makaranta, aikin da kowa zai koya cikin mako guda.

"Mako guda?" in ji Kawu. "'Yata, ga mota can an jawo. Bismilla."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake yi.

Na rubuta takardar koke. Manya suka zauna har sau biyu ana ka-ce-na-ce, wasu na cewa kalmar raini ce, wasu na cewa gaskiya ce mai ɗaci. Daga ƙarshe aka soke kalmar. Aka liƙa sanarwa a ƙofar sito cewa daga yau sunan leburori "abokan tafiya". Na karanta wa Kawu.

Ya ce, "To, abokin tafiya zai samu gurbin?"

Bai samu ba. Wani mai difloma aka ba, Kawu kuma aka sallame shi. Mai diflomar ba shi da girman kai, yakan zo har gida da ɗan littafinsa yana tambayar yadda ake jera manyan kwalaye. Kawu na kwance rigingine a ƙasa, yana kwatanta masa da hannu.

Na ce, "Kawu, don Allah ka daina. Sun ci moriyar ganga."

Ya ce, "In mota ta kife, direba ne zai mutu, ba su ba."

Yanzu matarsa ce ke sa masa takalmi, don ba ya iya sunkuyawa.