Daga Gwarzo Zuwa Dugabau Don Lissafin Wutar Gidan Mota

Gwarzo, ƙarfe biyar da rabi

Ranar Talata, da idar da sallar Asuba, na kulle ɗaki na nufi tasha. Dalilin tafiyar shi ne, na yi ritaya daga aikin sito, an ba ni zuwa ƙarshen wata in bar gidan ma'aikata. Mai ɗakina ta rasu, 'ya'ya sun kama gabansu, haya kuwa ta fi ƙarfin fansho a wannan zamani na tsuke bakin aljihu. Sai na sayi tsohuwar bas a gwanjo, da niyyar in kafa ta a gonata ta Mainika in zauna ciki. Naira ɗari shida na ware wa wuta a wata. In ta wuce haka, shirin ya rushe. Aka ce mini akwai wani Baba Yohanna, mutumin Filato mai gyaran injin ban-ruwa, ya shekara shida a cikin mota a Dugabau.

Mota ta cika ƙarfe shida da kwata. Naira sittin. A bakin gari 'yan agajin shari'a suka leƙa, suka ga mata a baya, maza a gaba, suka ce Allah ya kiyaye hanya.

Kabo, ƙarfe bakwai da minti biyar

Na sha koko da ƙosai na naira ashirin, na tare ɗan acaɓa.

"Baba, wajen mai gida kan taya? Hau. Kai ma hijirar za ka yi?"

Na ce ya kula da hanya.

Dugabau, ƙarfe takwas saura kwata

Motar na ƙarƙashin wata babbar ɗorawa. Bayan mun gaisa, Baba Yohanna ya shigar da ni. Ban taɓa ganin tsari irin wannan ba, ni da na shekara talatin ina jera kaya. Gado a baya, sifanu a rataye bisa girmansu, batirin babbar mota a akwatin katako, kowace waya da ƙyallen da ke nuna inda ta nufa. Ya shimfiɗa mini tabarma mai tsabta, ya ce ta baƙinsa masu salla ce.

Na fito da takardata na karanta masa: na ɗaya ƙwan fitila, awa huɗu, na biyu rediyo, awa biyu, na uku fanka, awa uku. Caji da kuɗin kai batiri gari da dawo da shi, naira saba'in. Sau takwas a wata, ɗari biyar da sittin.

"Malam Sule, lissafinka ya yi kyau. A ina za ka kafa motar?"

"A fili. Akwai tsamiya a wurin, amma na sayar wa masu itace, in ƙara batiri da kuɗin. Yau bayan La'asar za su sare."

Ya ɗauko gwangwanin madara biyu ya zazzage a gabana. Ashe duk ranar da ya kai caji, sai ya jefa ƙwallon dabino ɗaya a ciki.

"Wannan watan bazara ne a nan gindin ɗorawa. Ƙirga."

Takwas.

"Wannan kuma watan bazarar da na yi a fadamar Garo kafin in zo nan, ba ko reshe a kaina."

Goma sha biyar. Na buga a raina: dubu da hamsin.

"Awa uku na fanka lissafin ɗakin ƙasa ne," in ji shi. "Wannan ƙarfe ne, Malam. Rana ta dake shi, tanda ya zama, fanka ba ta hutawa. Ka sayar da rabin wutarka ka sayi batiri!"

Na ninke takardata na sa a aljihu. Ya tsare ni sai na ci dambu, ya nuna mini yadda ake duba ruwan batiri da yadda ake shimfiɗa zana a rufin mota. Na yi Azahar a tabarmar nan, ya raka ni bakin hanya.

Komawa

Na bar Dugabau ƙarfe biyu da kwata. A Kabo na tarar mota ba ta cika ba, saura mutum biyu. Ni da ban taɓa biyan kujerar da ban zauna ba, na biya ukun. Direba ya ce, "Baba, haihuwa aka yi?" Na ce ya tuƙa.

Ƙarfe huɗu na sauka Gwarzo, na yi La'asar a tasha, na hau acaɓa. Huɗu da minti arba'in ina Mainika. Tun daga nesa na ji sara. Reshe ɗaya ya riga ya faɗi.

Na ce su dakata. Babbansu ya ce ciniki ya faɗa. Na ce haka ne, ni na yi kuskure, ina roƙon a warware. Na mayar masa da kuɗinsa, na bar masa reshen ladan wahala. Ya saɓa gatari yana cewa bai taɓa ganin wanda ya yi wa tsamiya gudu ba.

Na isa gida ana kiran Magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ina kuma gode wa Baba Yohanna. Yau wata huɗu ke nan ina gindin tsamiyar. Gwangwanina na watan bazara, ƙwallo takwas ne a ciki.